Dakta Gidaɗo da Madallar Mutanen Kebbe

A gidan Malam Uwais na Tambuwal ba a gane darajar baƙo da girman rawaninsa ko motar da ya ajiye a ƙofa. Kunne ake kasawa wajen zaure. In aka ji Malam ya ɗaga murya ya ce, "Ban yarda ba, kawo hujja!" to baƙon malami ne, nan da nan za a shimfiɗa masa buzu a dama fura da nono mai kauri, don zaman zai kai azahar. In kuwa aka ji ya ce, "To, madalla," da wata murya mai laushi, an sallami mutum ke nan. Amsar da yake ba yara ce, da masu tallar maganin basir, da 'yan siyasa in zaɓe ya gabato, da duk wanda ya ga gardama da shi asarar yawu ce. Ita ce kuma amsar da yake ba babban ɗansa Gidaɗo, tun yana yawo ba wando har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Gidaɗo ɗan fari ne, saboda haka Malam bai taɓa kama sunansa ba. Yana ƙarami "wancan" ne, da ya girma aka ɗaga shi ya koma "mutumin Sakkwato". Wannan bai taɓa damunsa ba, kunyar ɗan fari ce, duk wanda ya riga 'yan uwansa zuwa duniya haka yake shan ta. Madallar ce take ci masa rai. Ƙanensa Sharifuddeen, wanda ya zauna gida ya karanci fiƙihu da nahawu, kafin ya gama karin kumallo an kira shi jahili an jefe shi da mafici, ya fito yana gyara hula yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Gidaɗo yana kallo, hassada tana cinsa. Da za a karɓe takardun shaidarsa duka a ba shi "jahili" guda ɗaya a zauren nan, da bai tsaya ciniki ba.

Inda ya dosa ya bayyana tun yana makarantar allo. Ɗaliban Malam magidanta ne, kuma kullum in an tashi karatu sai an ɗan yi cacar baki a ƙofar zaure kan takalma, don silifas ɗin kowa irin na kowa ne. Gidaɗo ya ga wannan rashin tsari ne. Wata safiya ana tsakiyar karatu ya lallaɓa ya jera takalman bisa wata dabara da ya ƙirƙiro: na dama gefe guda, na hagu gefe guda, kowane sahu daga babba zuwa ƙarami. Ranar mutanen da suka shekara suna gane takalmansu ko a duhu suka rasa su, ladanin unguwa ya tafi gida da ƙafar dama biyu. Da aka kai ƙara, yaron ya tsaya ya yi bayani tiryan-tiryan cewa tsarin ba shi da laifi, mutanen ne ba su fahimce shi ba. Malam ya dube shi ta gefen ido ya ce, "To, madalla," ya aika a nemo wa ladan takalminsa.

Boko ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ya yi sakandare, ya shiga jami'a a Sakkwato, a can ya haɗu da kwamfuta, ya samu abin da yake nema tun ranar takalma: wata aba da in ka tsara mata abu take bi ba gardama. Ya yi 'yan shekaru a wani shagon buga takardu yana gyara wa manyan ma'aikata turancinsu, ya koma ya yi digiri na biyu, aka ɗauke shi koyarwa. Daga nan gwamnati ta tura shi Maleshiya, ya dawo da digirin dakta, da tabarau, da wata sabuwar ɗabi'a ta cin shinkafa da safe. Fanninsa shi ne sarrafa fasahar sadarwa a harkokin kasuwanci, wato nazarin yadda 'yan kasuwa suke karɓar na'ura, da yadda za a tsara musu ita ta yi musu amfani.

Tambuwal kuwa ta taƙaita abin: Gidaɗo ya je ƙasar waje ya koyo gyaran waya. Duk ranar da ya zo hutun ƙarshen mako, kafin ya kashe mota ƙanwar mahaifinsa, Inna Atu, ta iso da wayarta a ƙulle a gefen zane.

"Inna, ni ba gyaran waya nika yi ba," in ji shi. "Nazari nika yi."

"To ai shi ke nan, nazarce min ita. Ba ta caji."

Haka zai tara wayoyin dangi a aljihun mota, ya zagaya ta bayan tasha ya kai wa mai gyara a ɓoye, ya dawo da su ana sa masa albarka. Shi kuwa kundin digirinsa, littafi mai kauri da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya, ya kai shi zaure ya durƙusa ya ajiye gaban Malam. A ransa yana addu'ar ko tambaya ɗaya ce a yi masa. Malam ya ɗaga littafin ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce, "To, madalla." Da Gidaɗo ya dawo mako na gaba ya tarar an tokare ƙafar fankar zaure da shi, don dama ta daɗe tana karkata.

A ranar ya ƙudurta zai yi binciken da duniya za ta ji, har labarin ya zagayo ya shigo zauren nan da ƙafarsa. Ya zaɓi 'yan hatsin kasuwar Kebbe. Dalilinsa, a ganinsa, dabara ce: kakansa ya taɓa zaman koyarwa a can, kuma rabin dattawan kasuwar ko sun yi karatu a gidansu ko ubanninsu sun yi, saboda haka ba wanda zai ƙi sauraronsa. Wannan kam gaskiya ne, ba wanda ya ƙi.

Ya isa da babbar riga ta shadda, tabarau yana ƙyalli. Shugaban 'yan hatsi, Alhaji Ɗangiwa, wani dattijo mai faɗin ƙirji da dariya a kusa, ya tarbe shi tun daga bakin hanya, ya sa aka yanka kaji, aka shimfiɗa darduma a babbar rumfa. Sai da Dakta ya ci ya wanke hannu, sannan aka fara shigo da 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar Malam, ya roƙi a sa shi a addu'a. Sannan Dakta ya karanto masa magana, shi kuma ya zaɓi amsa: ko ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai sani ba, ko bai yarda ba, ko bai yarda ba sam.

"Sayar da hatsi ta waya za shi ƙara maka ciniki."

"Na yarda ƙwarai, ɗan Malam."

"Aiki da waya abu na mai sauƙi."

"Ƙwarai kau, ɗan Malam."

"Aiki da waya abu na mai wuya."

"Wallahi haka na, ɗan Malam. Madalla."

Wani tsoho da bai taɓa riƙe waya ba, kuma kunnensa ɗaya ya daɗe da yin ritaya, ya yarda ƙwarai tun kafin a gama karanto maganar. Da Dakta ya koma ofis ya zuba amsoshin a kwamfuta, ita kanta ta ɗan nuna damuwa cewa mutum ɗaya ba zai ce abu yana da sauƙi kuma yana da wuya ba. Dakta ya yi tunani mai zurfi, ya gano cewa tambayar wuya ce ke da lahani, ya goge ta. Da ya goge, sakamakon ya fito tas, irin wanda malaman jami'a suke mafarkinsa: kusan duk 'yan hatsin Kebbe a shirye suke su rungumi fasaha.

Abin nema ya samu. Mujallun ilimi na ƙasashen waje suka buga, aka raɗa wa abin suna Tsarin Kebbe. Dakta ya shiga jirgi ya fita jirgi yana lacca. A wani taro wani farfesa Bature ya miƙe ya ce bai taɓa ganin al'umma mai ƙishirwar ci gaba irin wannan ba, ya kamata mutanen ƙasarsa su je Kebbe su koyi darasi. Jami'a ta ƙara masa girma, aka fara raɗe-raɗin kujerar farfesa. Ya aika wa Malam hoton jaridar da ta buga labarin, Sharifuddeen ya karanta masa, amsar da ta dawo ba sai an faɗa ba.

Sai wata gidauniya ta ɗauki nauyin a mayar da binciken aiki. Aka haɗa manhaja: kowane ɗan kasuwa ya shigar da yawan geron da ke rumbunsa da farashinsa, masu saye daga Sakkwato da Jega su gani daga inda suke. Aka raba sababbin wayoyi a Kebbe, aka kafa rumfuna da kujerun roba, aka yi jawabai, aka yi tafi, Alhaji Ɗangiwa har da share ƙwalla. Dakta ya koma ofis ya kunna babban allon da zai riƙa nuna cinikin Kebbe yana gudana. Watanni suka shuɗe, abu ɗaya ne a allon: buhun gero guda, mai shi Gidaɗo, wanda ya shigar da hannunsa ranar gwaji.

Ya ɗora laifin a kan rashin sabis. Aka ce akwai sabis. Ya ɗora a kan rashin wuta, gidauniya ta kai musu sola. Ya ɗora a kan damina, damina ta wuce. Matarsa Hamdiya, malamar firamare ce mai gajeren haƙuri da dogon bayani, wata rana ta ajiye masa shayi ta ce, "Dakta, ka gama da sabis, ka gama da ruwan sama, saura aljannu. Kafin ka kai gare su, ka tafi ka gani mana. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Ya tafi ba sanarwa. Alhaji Ɗangiwa ya rasa inda zai sa shi don murna, ya fara ƙwala kiran a kamo kaza. Dakta ya ce a bar kazar ta sha iska, wayar yake son gani. Alhaji ya ja shi har cikin gida, ya sa tsani ya hau rumbu, ya zura hannu ya fito da wani ƙunshi na farin ƙyalle. Ya warware a hankali. Ga wayar nan sabuwa fil, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba.

"Alhaji, mi ya kai ta rumbu?"

"Haba ɗan Malam! Abin da ya fito hannun jikan Malam babba, mu sa shi cikin ƙurar kasuwa? Ai tun da munka sa ta nan, ko ɓera bai shiga ba. Kowa haka yay yi da tashi. Albarkar gidanku ba wasa ba ta."

Dakta ya tsaya yana kallon wayar. Wani zargi ya taso masa, ya ce bari ya gwada. Ya gyara murya ya ce, "Alhaji, ni kau da nid duba, manhajar ga aikin banza ta. Ba ta da amfani ko kaɗan."

"Wallahi gaskiyarka, ɗan Malam," in ji Alhaji, fuska cike da fara'a. "To, madalla."

Muryar ce ta buge shi. Laushin nan, da ɗan jan ƙarshen nan, ya san su kamar yadda ya san hanyar ɗakin uwarsa. Ya yi sallama ya shiga mota, bai yi nisa da gari ba ya gangara gefen hanya ya kashe ta, kunya ta rufe shi. Duk faɗin ƙasar Sakkwato ba wanda ya kai shi sanin nauyin madalla, da ita aka yaye shi. Amma da mutanen Kebbe suka auna masa ita mudu-mudu, sai ya kwasa ya kai wa Turawa a matsayin ilimi. Ya je gidan mutane da babbar riga, ya ci kazarsu, ya zauna kusa da shugabansu, sannan ya tambaye su ko sun yarda da jikan malaminsu.

A nan ne ya kamata a yaba masa, don da wani ne da ya rufe allon nan ya jira kujerar farfesa, ba wanda zai taso daga Turai ya hau rumbun Ɗangiwa. Gidaɗo ya ɗauki hutun shekara da jami'a kan ba malamai don bincike, ya ninke babbar riga, ya sayi gero da mudu, ya nemi gefen rumfa a kasuwar Kebbe ya zauna. Dabararsa guda ce: zai zauna har mutane su gaji da girmama shi.

Abin ya ɗauki lokaci, don mutanen Kebbe suna da juriya. Da farko in ya iso kowa sai ya miƙe. Masu saye su biya duk abin da ya faɗa su ƙara da neman addu'a. Amma girmamawa aiki ce, kuma ba wanda zai iya yin ta kowace ranar kasuwa ga mutumin da yake zubar da gero a ƙasa, yana kuma barin awaki suna yi masa ɓarna. A hankali aka daina miƙewa, aka daina tambayar lafiyar Malam. Maƙwabcin rumfarsa, Haliru, wani siririn mutum mai ɗacin baki da ya zo daga wajen Zamfara, bai taɓa karatu a gidan kowa ba, ya daɗe yana haɗiye magana. Ranar da ya ga Dakta ya yi wa wata mata awo ya tula mata gero har yana zuba, sannan ya faɗa mata farashin gaskiya tun kafin ta taya, sai abin ya ƙwace masa.

"Kai wane irin wawa na? Wa ka faɗin farashi ba a gaisa ba, ba a taya ba? Kasuwar za ka kashe muna?"

Dakta ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa. "Don Allah Malam Haliru, sake faɗi."

"Nic ce wawa!"

Dakta ya rungume shi a tsakiyar kasuwa. Haliru ya tabbata wautar ta wuce yadda ya zata.

Daga ranar baki ya buɗe. Da zagi da dariya 'yan kasuwar suka gaya masa abin da kaza ta hana su faɗa. Ba mai hankalin da zai shela wa duniya abin da ke rumbunsa: kafin la'asar dangi sun yi layi, mai biki da mai suna da wanda rufin ɗakinsa ya faɗi, ga kuma bakin mutane. Farashi kuma ba a manna shi a bango, sai an gaisa, an tambayi iyali, an ga idon mai saye. Abin da suke so su sani daban ne: motar Jega ta taso ko ba ta taso ba, ruwa ya cinye hanya ko ana wucewa. Dakta ya rushe manhajarsa ya haɗa wata 'yar ƙarama da ke aika wannan labarin da murya. Aka sauko da wayoyi daga rumbuna, aka shiga aiki da ita ana tsine mata kullum, wai tana jinkiri, wai muryar matar da ke ciki ta cika iyayi. Duk ƙorafin da ya iso, Dakta sai ya ji kamar an ba shi lambar yabo.

Ya zauna ya rubuta sabuwar maƙala da hannunsa ya rushe Tsarin Kebbe tun daga tushe, ya ce duk amsar da aka ba mai bincike a kan darduma bayan an ci kaza a zubar da ita, kada a yarda da maganar kowa sai wanda ya taɓa yi maka gardama. Abokan aikinsa suka ce Maleshiya ce ta fara tashi a kansa. Maganar kujerar farfesa ta koma ƙasan tebur.

Yana cikin wannan ne Sharifuddeen ya kira shi wata safiya, murya a sanyaye.

"Yaya, ka zo gida. Yau na kawo ma Malam mas'ala, na ma karkata ta da gangan. Yac ce mani, to, madalla."

Gidaɗo ya ɗauki makullin mota, Hamdiya ta jawo mayafi ta biyo shi. Tsoro ne ya kama shi, iri biyu, kuma na biyun ya ba shi kunya: tsoron rasa uba, da tsoron cewa tsohon zai tafi da "ban yarda ba" ɗinsa a baki bai taɓa ba shi ko ɗaya ba.

Da hantsi suka isa. Malam yana kishingiɗe a zaure, ya rame, ido ya yi hazo, kwanon fura a gefe ba a taɓa ba. Ɗalibai sun zauna jugum da littattafai a rufe. Gidaɗo ya tuɓe takalmi ya durƙusa a kan tabarmar baƙi ya yi gaisuwa, Malam ya ɗaga yatsu biyu. Shiru ya yi yawa, sai Sharifuddeen, don dai a samu abin cewa, ya tambayi yayansa me ya samo a zaman Kebbe, tun da an ce har gero yake sayarwa.

Gidaɗo ya ba da labarin duka, da kazar, da rumbun, da Haliru. Ɗalibai suna danne dariya. Ba ya tsammanin kowa yana auna maganarsa, shi ya sa da ya zo ƙarshe ya faɗi abin da ke ransa ba ado.

"Abin da nig gano shi na, madallar mutanenmu ƙarya ta, an dai sa mata rigar ladabi. Kuma duk wanda aka yi ma ita kullum, an raina shi na. Wannan ba sai na tafi Kebbe ba. Ni shaida na."

Sharifuddeen ya sunkuyar da kai yana neman ƙasa ta tsage. Sai aka ji motsi. Malam ya dafa bango, ya ture hannun ɗalibin da ya zo taimakonsa, ya tashi zaune da kansa, ya jawo rawani ya gyara.

"Sharifu," in ji shi, "ce ma mutumin Sakkwato ban yarda ba."

Ba wanda ya motsa.

"Kurame kunka zama? A kawo mashi buzu!"

Aka kawo. Gidaɗo ya hau buzun da rarrafe. Malam bai jira ya zauna daidai ba ya far masa. Ya ce ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba shi ba don ka yaudari mutum, shin Ɗangiwa ya yi niyyar yaudara, ko kuwa baƙo ne ya zo da tambayar da ba a yi wa mai masauki? Gidaɗo ya ce Allah shi gafarta Malam, niyya ko ba niyya, shi dai shekarunsa sun tafi a kan amsar da ba ita ba ce. Malam ya ce wanda ya auna ruwa da rariya ba ya kai ƙarar rijiya. Gidaɗo ya ce to ai da an gaya masa rariya ce a hannunsa. "Kawo hujja!" in ji Malam, muryar da aka yi makonni ba a ji ba ta fita har waje, mata suka leƙo ta kan katanga. Gidaɗo ya kawo, Malam ya yi fatali da ita. Ya kawo wata, Malam ya nemi mafici, aka miƙa masa, ya jefa, ya samu tabarau.

"Kai ka ɗauka madalla guda ta," in ji Malam, yana haki, kuma wannan karon ba ta bakin Sharifu ya bi ba. "Akwai ta sallama, ita ce ta wawaye. Akwai ta baƙunci, ita Ɗangiwa yay yi maka, kuma ya kyauta. Akwai kuma wata..." Ya tsaya, ya kawar da kai wajen fankar nan mai tokare da baƙin littafi. "Akwai wadda mutum ka yi ma wanda, in ya zauna gardama da shi, jama'a za su ga yadda shika jin shi a rai, su ce tsohon ga ba shi da kunya."

Malam ya yi tari, ya jawo kwanon fura ya kafa kai ya sha sosai, ya goge baki da bayan hannu.

"Ko wagga ba ka sani ba, kuma wai Dakta. Jahili!"

Sai da aka kira azahar aka tashi. Gidaɗo ya shiga cikin gida da tabarau a karkace, ido jajir. Hamdiya tana zaune da Inna Atu suna tsintar wake, ta dube shi ta ce, "To, wa ya yi nasara?"

"Ya kayar da ni. Ya ce mani jahili gaban mutane."

"To mi kaka yi ma dariya?"

"Yac ce in dawo gobe da hujja."

Inna Atu ta ce tun da zai kwana, ga wayarta nan, ta sake daina caji.

Malam Uwais ya ƙara damina biyu a duniya. Duk ƙarshen mako motar Gidaɗo tana ƙofar gida, buzunsa yana shimfiɗe, kuma a duk tsawon lokacin nan tsohon bai yarda da ko kalma ɗaya da ta fito bakinsa ba. Sun yi gardama kan sirrin rumbu, kan ko ciniki ta waya ciniki ne, kan ko na'ura tana iya riƙe amana. Malam bai taɓa riƙe waya ba, wannan kuma bai hana shi yin nasara kowane mako ba.

Kujerar farfesan ta zo daga baya, bayan an yi sadakar arba'in da 'yan watanni, kuma maƙalar da aka ce hauka ce ita ta kawo ta. Ranar laccarsa ta kama kujera babban ɗakin taron jami'a ya cika. Alhaji Ɗangiwa ya cika mota da 'yan hatsi, har Haliru an sa shi ya saka hula. Farfesa Gidaɗo ya yi bayani mai kyau, ya rufe takardunsa, ɗakin ya ɗauki tafi, ta ko'ina ana cewa madalla, madalla. Shi kuwa bai sauka ba. Ya tsaya riƙe da bakin teburin yana duban sahun gaba, yana jira, har shugaban taro ya taɓa masa kafaɗa ya ce an gama. Ba wanda ya ce bai yarda ba.